Rigar Baba Illa

Ƙasar Nijar ta tarbe ni da wani ma'aikacin kwastan mai jan ido a bakin iyaka. Ya buɗe akwatina ya zazzage a ƙasa gaban maza, har da abin da mace ba ta so a gani. Ya ɗaga Littafi Mai Tsarki da yatsa biyu ya jefa cikin akwatin. Daddawata da kukata da man shanun da surukata ta ƙulla mini kuwa, ya ce haramtattun kaya ne, ya tura su ƙarƙashin teburinsa. Na ce, "Malam, kuka ce fa, ta miya." Ya ce, "Madam, in kina so ki kwana nan, ƙara magana." Ni Rifkatu, da ko a gidan mijina ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar na haɗiye maganata.

Ikilisiyarmu ta wani ƙauye a ƙasar Malumfashi ce ta aike ni, a farkon shekarun casa'in. Mijina ya rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba, na iya saƙa da yin sabulu, na kuma taɓa aikin wanke miki a ɗakin shan magani. Aka ce masu bishara suna da gida a Tawa inda ake koya wa manyan makafi da guragu sana'a, ana neman mace mai jin Hausa. Na ce ga ni.

Motar da na hau a Ƙonni, kamasho ya rantse har Tawa za ta. Da muka yi nisa direba ya sauke ni a wata mararraba, ya ce in jira zai sha mai ya dawo. Yana can yana shan man har yau. Rana ta gasa ni har la'asar, sannan wani mai motar albasa ya ji tausayina ya ce in hau sama. A kan buhunan albasa na shiga Tawa, idanuna na zubar da ruwa, ni kaina ban san na albasa ne ko nawa ba.

An kama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Inna Kulu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mi sunanki?" Na gaya mata. Ta ce, "Rifkatu? Wane irin suna ne wanga?" Da ta gane ko ni wace ce ba ta yi faɗa ba, ba ta kore ni ba. Ta ɗauko moɗa guda ta ɗaura mata jan zare, ta rataye nesa da randa, ta ce wannan ce tawa. In ina son ruwa ita za ta ɗebo da tata ta zuba mini daga sama. Kowace safiya in na gaishe ta sai ta ce, "Lahiya lau, Allah shi shirye ki." Ni kuma in ce amin, don ban ga wanda ba ya bukatar shiriya ba.

Kewar gida ta ci ni a garin nan. Ko'ina ka duba jan dutse ne da ƙaya. Fura da safe, fura da rana, ni da na saba da tuwon dawa mai tauri. Ran Lahadi mu 'yan kaɗan ne a wani ɗaki, ana waƙa da Faransanci, ni sai motsa baki nake yi. Har muryar matan zumuntarmu nake ji a kunne, waɗanda a gida kullum muna cikin faɗa da su.

Gidan aikin yana gefen gari, katanga ce da rumfar kwano. Maza suna saƙa kujeru da igiyar roba, mata suna sabulu da ni. Mai kula da wurin wani ne Mushe Danyel, mutumin wata ƙasa ta bakin teku. Mushe shi ne malam a bakinsu na can. Kullum yana cikin kwat da zafin nan, makullai na kaɗawa a aljihunsa. Dattawa masu furfura yake kira "yarana". Hatsin da ake aiko wa nakasassu ta ƙofar gaba yake shigowa, rabinsa ya fita ta ƙofar baya zuwa kasuwa. Na yi magana sau ɗaya, ya ce an kawo ni wanke miki ne, ba leƙen sito ba.

A nan na san Baba Illa. Dogo ne siriri, makaho tun yana saurayi, daga wani ƙauye bayan Affala. Shi ne ladanin garinsu shekara da shekaru. Fari ne ya koro shi Tawa neman abin yi, ya bar matarsa Hajo a gida, gonarsa a hannun ƙanensa Sha'aibu, ɗansa kuma ya tafi Abijan neman kuɗi kamar sauran samarin Adar, wato yankin Tawa. Lokaci lokaci yakan je gida ran Juma'a, kuma duk ranar da ya je shi ake ba kiran salla, a ja shi har sahun gaba.

Ranar da na fara wanke masa wani gyambo a ƙwauri, ya ce, "Hannun wa ne wanga? Bai yi ƙyama ba." Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "To, Bakatsiniya ce. Shi ya sa Hausarki ta sha ruwa." Na ce, "Baba, taku ce ta bushe, kamar garinku." Daga ranar muka ƙulla. Ba na ɓoye abin da ya kai ni: na ba shi labarin Yesu, ba sau ɗaya ba, kuma da zuciya ɗaya na so ya karɓa. Yakan saurara yana saƙa, yatsunsa ba sa tsayawa. In na gama ya ce, "Ɗiyata, Annabi Isa ba baƙona ba ne. Ki riƙe naki in riƙe nawa, ranar can a raba mu." Lokacin salla ni nake cika masa buta. Gabas kuwa ba ya bukatar a nuna masa, ya san ta da katangar gidan da kuma inda rana ke dukan kuncinsa.

Wata rana muna hira ya ce, "Ni dai abu guda nika roƙon Allah. In na mutu a kai ni gida. Mutanen da na tada da asuba tun suna yara su yi sahu su yi mini salla, a sa ni kusa da ubana. Ba ni da shanu, ba ni da ido, wannan kaɗai na tara." Na ce, "Haba Baba, wa zai hana ka wannan?"

Zamanin jam'iyyu ne lokacin. Kowa da atamfar jam'iyyarsa, kowa da launinsa. Kafin ka gaisa da mutum rigarsa ta riga ta gaya maka na wane ne, kuma an sha raba zumunci a kan zane. Ma'aikata ba a biyansu, yau yajin aiki gobe yajin aiki, sojoji sun cika hanyar arewa, darajar kuɗin sefa ta faɗi, kwanon gero ya gagari mutane. Taimakon da ake aiko mana ya ja baya. Mushe ya rame a tsaye, ya ce masu ba da taimako sun gaji da jin labarin kujeru, rayuka suke so su gani. Rayuka kuwa babu. Duk mutanen gidan Musulmi suka zo, Musulmi suke komawa gida da yamma.

Sai aka ce Turawa biyu za su zo, mace da namiji, ran wata Juma'a da safe. Mushe ya sallami guragu da duk mai ɗan gani, ya ce ranar ta makafi ce. Ban kawo komai a raina ba. Ni aka tura madafa tun da sassafe ina dafa wa baƙi shinkafa. Baba Illa ya leƙo yana murna, an aiko masa matar ɗansa ta haihu, da an gama da baƙi zai kama mota ya samu Juma'a a gida, ya taɓa kan jikansa.

Da hantsi na fito da tire a hannu, na hango su ta baya. An jera makafi a rumfa, kowa sanye da sabuwar doguwar riga shuɗiya, yadi mai kyau, suna shafa ta suna yi wa Mushe addu'a. A bayan kowace riga an zana jan gicciye tun daga kafaɗa har ƙugu. Fenti ne, ba ɗinki ba. Da ɗinki ne da yatsunsu sun gaya musu. Baturen yana tsaye a bayansu da abin ɗaukar hoto.

Na ajiye tiren. Gicciyen nan nawa ne, a kansa nake so in mutu, amma ban taɓa jin an sata an manna shi a bayan mutum ba. Na ɗaga murya na ce, "Baba Illa!" Ya waiwayo, daidai lokacin abin hoton ya yi ƙyal. Kafin in ƙara kalma Mushe ya damƙe hannuna ya ja ni madafa yana murmushi don baƙi. Ya ce ƙasa ƙasa, "Da an gama hoto zan karɓe rigunan. In kika yi magana gidan nan ya rufe, ke za ki ciyar da su?" Na ce, "Sai na gaya musu, ko sama za ta faɗo." Ya fita ya ja ƙofa ya sa sakata ta waje.

Na buga ƙofar nan har hannuna ya kumbura. Ba taga sai wata 'yar kafa ta hayaƙi. A rumfa ya kunna rediyo da waƙoƙin yabo, an ƙure murya. Sai da baƙi suka shiga mota suka tafi otal ya buɗe mini. Rigunan suna ninke a kan tebur. Na duba rumfa, babu Baba Illa. Ashe ya nemi izinin tafiya a gaban baƙi, Baturiyar ta ji labarin jika ta ce ya tafi da rigar, kyauta ce. Mushe ya fassara masa, ya raka shi har bakin ƙofa, ya ce ya gai da gida.

Na wanke Mushe tas, da Hausa, da ɗan Turancin da na iya. Na hau kabu-kabu zuwa tasha, zanena na neman shiga taya. Motar Affala ta daɗe da tashi. Mazan da ke zaune a benci suka kwashe da dariya da suka ji wanda nake nema. Ɗaya ya ce, "Ai mun gan shi, ladanin Nasara! Shina ta wasa da mutane shina nuna sabuwar riga." Na ce, "Kun gaya masa abin da ke bayansa?" Ya ce, "Mu mi ruwanmu?" Mota cike da masu ido ta ɗauke shi, ba wanda ya buɗe baki. Wata motar kuma babu sai gobe.

Washegari na same shi a wajen ƙauyen, zaune a gindin aduwa, daga shi sai wando, gefen kansa da busasshen jini. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ce." Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ce, "Sun ja ni sahun gaba kamar kullum. Na ji masallaci ya yi tsit, na ce wa raina rigar ce ta burge su. Ina tada kabbara anka jawo ni ta wuya." Sun yage rigar a jikinsa sun ƙone ta a ƙofar masallaci. Ya rantse, ya yi kalmar shahada har muryarsa ta dishe. Ba wanda ya saurara. Ya ce, "Ɗiyata, kin sani?" Na ce, "Na gani, na kira ka, aka kulle ni." Ya ce, "Na ji kiran."

Na shiga garin na nemi dattawa a zauren liman. Na faɗi komai yadda ya faru, na ce mutumin nan ko salla ɗaya bai taɓa bari ba, ni nake cika masa buta. Zuwana ya ƙara ɓata lamarin. Sha'aibu, ƙanen nasa, ya miƙe ya nuna ni ya ce, "Kun gani? Ga wadda ta saye shi nan ta biyo kayanta." Tsohon liman ya ce a hankali, "Makaho dai bai ga abin da ya sa ba." Sha'aibu ya ce, "Shekara nawa shina cin hatsinsu? Wanda ya ci nasu ya sa rigarsu, mi ya rage?" Samari suka ɗauka da hayaniya daga waje. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kafin in bar garin na ji 'yan'uwan Hajo sun zo sun ɗauke ta, wai aure ya mutu. Gonar kuwa ba sai an gaya mini hannun da ta zauna ba.

Na dawo da shi Tawa. Ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka gidan Mushe ba, na kai shi wurin Sarkin Makafi, wanda duk makafin garin ke ƙarƙashinsa, wani ƙaton dattijo mai murya kamar ganga. Sarki ya ji labari ya yi salati, don shi ma mutanensa an sa musu rigar. Ya ba shi wuri a zaurensa. Na roƙi Mushe ya je ƙauyen ya faɗi gaskiya da bakinsa, har durƙusa masa na yi, ni da ban iya durƙusa wa namiji ba. Ya ce Ubangiji yana da hanyoyinsa. An aika wa ɗan Baba Illa a Abijan, shiru.

Na ɗinka wa Baba Illa farar riga na kai masa. Ya karɓa ya shafa ta ciki da waje, ya sansana, ya ce, "Mi ke ga bayanta?" Na ce, "Ba komai, Baba, fara ce fat." Ya sa. Wani ya zo wucewa ta ƙofar zaure, Baba Illa ya tsayar da shi ya juya masa baya ya ce, "Bawan Allah, mi ke ga bayana?" Haka ya koma yi, kowa ya shigo sai ya tambaye shi. Daga baya ya tuɓe rigar gaba ɗaya ya koma yafa tsohon bargo. Ya daina zuwa masallaci, don ba ya iya tsayawa da mutane a bayansa. A lungun zaure yake sallarsa shi kaɗai. Mutumin da ke tsokanata kullum ya koma sai in yi ta surutu ya ce "to". Fura ma sai na yi da gaske yake kurɓa.

Da bazara, zafi na tsakiyarsa, ya rasu. Kafin nan ya kama hannun Sarki ya sa shi ya yi alkawari zai kai shi gida. Ya ce mutuwa tana sanyaya zuciya, in suka ga gawa za su tuna.

Na koma gida ina kuka ina neman abin da za a yi likkafani. Inna Kulu ta ji ni. Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka ta fito da farin yadi a ninke, yana ƙanshin turare. Ta ce, "Nawa ne, na aje don ranata. Kai mishi." Ta sa mini a hannu, hannunta ya taɓa nawa, ba ta janye ba.

Makafi suka yi masa wanka da kansu suka suturta shi. Salla kuwa Sarki ya ce haƙƙin mutanen garinsu ne, a can za a yi. Masu yi musu jagora duk suka noƙe, kowa yana tsoron a ce da shi. Ni na kama bakin sandar Sarki, sauran suka dafa kafaɗar juna, muka hau akori-kura da gawa a tsakiya.

Labari ya riga mu isa. Sha'aibu da samari suna tsaye a bakin hanya tun kafin shingen farko. Sarki ya yi sallama ya ce, "Mun kawo muku ladaninku." Sha'aibu ya ce, "Ba mu da ladan ga Nasara. Ku kai musu abinsu." Sarki ya ce, "Ni na yi mishi wanka, da shahada ya cika, ina shaida gaban Allah." Sha'aibu ya ce, "Shaidar makaho?" Suka hana maƙabarta. Sarki ya ce to a bari a sa shi a gefen gonarsa. Sha'aibu ya ce ba shi da gona. Direba ya ga abin zai zama rigima, ya sa aka sauke gawa a wani fako mai duwatsu nesa da gari, ya juya motarsa ya tafi.

Rana tana tsakar ka, ba inuwa, ba iska. Sarki ya ce, "Mu yi mishi salla mu da Allah ya bari." Suka yi taimama a ƙasa mai zafi, suka tashi za su yi sahu, sai na ga kowa ya fuskanci wani wuri daban. Mota ta juya su, wurin baƙo ne, ba katanga da za su dafa, ranar ma ba ta gefen kuncin kowa. Sarki ya juya kansa nan ya juya can. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ina gabas?"

Na hango masallacin garin can nesa, wanda aka jawo shi daga ciki, na ga inda ƙusurwar liman ta fito. Da shi na auna. Na kama bakin sandar kowannensu ina juya shi ina jera shi kusa da ɗan'uwansa. Na gaya musu yadda za su gyara kwanciyar gawar a gaban Sarki. Da sahu ya miƙe na ce, "Sarki, kun daidaita." Na ja da baya can nesa na durƙusa a kan duwatsu na yi tawa addu'ar. Ina jin muryar Sarki yana kabbara, ina hangen kawunan mutanen garin a bayan shinge suna kallo. Ko mutum ɗaya bai fito ba.

Ba mu zo da abin haƙa ba, don wa ke kai gawa garinsu da fartanya? Makafi suka fara tono da sanduna da hannu. Muna cikin haka aka kira azahar a masallacin, da wata murya da ban sani ba. Sai ga wata tsohuwa ta zagayo ta bayan gari, a lulluɓe, tana sauri tana waiwaye. Ta zaro fartanya da goran ruwa daga cikin mayafi ta ajiye a gabana. Hajo ce. Ta ce, "Ke da kika gani da ido, ya bar salla?" Na ce, "Bai bari ba, Inna." Ta ce, "Na sani." Ta kalli farin yadin sau ɗaya, ta rufe baki da mayafi ta koma ta hanyar da ta zo.

Ƙasar Adar dutse ce. Suka yi ta karɓa karɓa, ina gaya musu inda ya karkace, tafin hannunsu ya fashe. Kabarin bai yi zurfi yadda ake so ba. Muka tara duwatsu a kai saboda karnuka. Daga nan ana hango itatuwan maƙabartar da ubansa yake, ban gaya wa Sarki ba. Muka kama hanyar Affala a ƙafa, ni a gaba, su a jere a bayana.

Ban yi wata guda ba Mushe ya sallame ni, ya aika gida cewa ni mai taurin kai ce, ba na biyayya ga shugabanni. Inna Kulu ta raka ni tasha, ta ce, "Allah shi shirye ki," muka rungume juna muna kuka.

A gida aka shirya sujadar godiya saboda dawowata. Majami'a ta cika. Bayan wa'azi fastonmu ya ɗaga wani babban hoto da aka aiko masa, ya ce, "Ku ga rayukan da Ubangiji ya ceto a ƙasar Nijar ta hannun 'yar'uwarmu!" Bayan mutane ne a jere, kowanne da jan gicciye, mutum ɗaya ya waiwayo. Mata suka ɗau guɗa. Fasto ya ce, "Mama Rifkatu, wannan da ya juyo, mene ne sunansa, mu yi masa addu'a?"

Na miƙe. Na ce, "Sunansa Illa, ladani ne. Musulmi ya rayu, Musulmi ya mutu. Bai san abin da ke bayansa ba, kuma rigar nan ce ta hana shi kabari kusa da ubansa." Matar fasto ta ja mini zane ta ce in zauna. Shugaban mawaƙa ya yi sauri ya tada waƙa, aka bi shi, ganga ta rufe sauran maganata.

Ba a sake kirana in ba da shaida ba. Na roƙi a ba ni hoton, dattawan ikilisiya suka ce a'a, yana ƙarfafa masu bi. Aka sa masa gilashi aka rataye kusa da ƙofa. Ban bar majami'a ba, ba kuwa zan bari ba, wurin Ubangijina nake zuwa. Amma duk Lahadi sai na wuce ta gabansa. Duk sauran sun ba ni baya, Baba Illa kaɗai ya waiwayo, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira in gaya masa abin da ke bayan rigar.